Tagar da Na Buɗe a Guangzhou

Guangzhou, Juma'a, 17 ga Maris.

Zuwa ga yayana Wenlu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙanwa da yayanta, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, ya tsare ka daga zafin ranar Aljeriya da haɗarin manyan motocin da kuke aikin hanya da su. Allah ya sa albarka a guminka, ya kai mu azumin da ke tafe lafiya, ya dawo mana da kai gida da ƙafafunka, amin.

Na baro kowa lafiya ranar Lahadi. Gwiwar Baba tana nan yadda ka san ta, in an tambaye shi ya ce ta warke, in zai tashi daga kan gado sai ya dafa bango. Inna ta daina tari tun da sanyi ya ja baya. Matarka Meiying tana ƙoƙari ƙwarai, ita ke kai 'yarka Linlin makaranta a kan babur, shi kuwa ɗanka Dongdong haƙoransa biyu na gaba sun fita, yana yawo yana nuna wa kowa giɓin kamar wata lambar yabo. Baƙar tunkiyar nan ta haifi tagwaye. Wannan shi ne labari mai daɗi, na fara da shi don ka sami abin riƙewa kafin in shiga wanda ya sa na zauna rubutu.

Ka san ba rubutun takarda ne aikina ba. Amma maganar nan ba ta waya ba ce, don in na kira ka layin zai yanke sau uku, kai kuma ka katse ni sau biyar da cewa ka gane, alhali ba ka gane ba. Ina zaune ne a tashar jirgin ƙasa, saura awa huɗu jirginmu ya tashi, Baffa Desheng yana can ƙarshen benci ya juya mini ƙeya. Idan na gama zan ɗauki hoton shafukan in tura maka. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka kira kowa.

Ba ka manta alƙawarin Baba ba. Da kamfanin wutar sola suka nemi hayar gonar magaryarmu, su sare itatuwa sittin da biyun nan su jera farantansu, kai ne ka ce a ba su, ni ce na yi ta kuka. Baba ya raba gardama ya ce in na samo mai sayen amfanin gonar gaba ɗaya kafin ƙarshen Maris, itatuwa za su tsaya, in ban samo ba zai dangwala yatsansa a takardarsu. Wata biyar ina fama da waya har Allah ya haɗa ni da wata dattijuwa mai babban shago a kasuwar busassun kayan magani ta garin nan, sunanta Kwan, 'yan kasuwa suna ce mata Goggo. Ta ce ba ta sayen hoto, in kawo ta gani da idonta. Baba ya kwana uku yana zaɓar samfurin da hannunsa, ɗaya bayan ɗaya, yana kai kowace kusa da idonsa mai gani. Inna ta ɗinka jakunkuna biyu na farin yadi, ta saƙa sunan ƙauyenmu da jan zare. Aka haɗa ni da Baffa Desheng, wai shi ya san gari, tunda ya taɓa kwana biyu a cikinsa shekara ashirin da suka wuce.

Yaya, ni da ban taɓa wuce birnin Lanzhou na can arewarmu ba, ban san akwai inda iska take da nauyi ba. Muna sauka daga jirgi ranar Talata da safe na ji kamar an ɗora mini jiƙaƙƙen tsumma a fuska. Mutane kuwa ba a magana. Kowa gudu yake yi, babu wanda ke kallon wani, in ka tsaya gyara ɗankwali sai a ture ka a wuce ba ko sannu. Suna magana da yarensu kamar masu faɗa, ashe gaisawa suke yi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. Mu da muke wanke shinkafa mu ba tumaki ruwan, na ga mutum ya kunna famfo yana wanke titi, titi fa, Yaya. Ciyawa na tsirowa a jikin bango hawa na biyar ba wanda ya shuka ta, itatuwa sun sako saiwa daga sama tana lilo. Gine-ginen ba zan kwatanta maka su ba, na ɗaga kai sau ɗaya jiri ya ɗebe ni, daga nan na riƙa kallon ƙafafuna. Baffa masanin gari ya shigar da mu jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka tafi gabas alhali yamma muka nufa, da na yi magana ya ce ai garin ne aka juya bayan tafiyarsa.

Mun sauka a wani ƙaramin masauki a unguwar da Larabawa da mutanen Afirka ke kasuwanci, saboda a nan ake samun abincin halal. Lungun ya matse har mai wancan gida zai iya miƙo maka gishiri ta taga. Mai masaukin wata gajeriyar mace ce, Ah Fong, bakinta ba ya hutawa. Ta ba ni ɗaki a hawa na uku, na tarar tagoginsa biyu a kulle gam, har an cusa tsohuwar jarida a ƙasan ƙofa. Ɗakin na warin rufi. Ganawarmu da Goggo Kwan sai Alhamis da safe. To ka san abin da ake yi wa magarya in ta kwana biyu a jaka cikin tafiya, tun muna yara Inna ta koya mana: a baza ta, a buɗe taga, ta sha iska. Na shimfiɗa zanen gado, na juye jakunkunan biyu, na baza su da kyau, na cire jaridar, na wangale tagogin har ƙarshe, ina ma zagin mutanen birni a raina da ba su san amfanin iska ba. Na kulle ɗaki muka fita da Baffa neman hanyar kasuwa, don kada mu ɓata ranar Alhamis.

Ba mu dawo ba sai bayan la'asar. Tun daga matakala na ga abin da ban gane ba, bangon yana zubar da ruwa, ga shi kuwa ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Ah Fong tana tsaye a ƙofar ɗakina da sandar goge ƙasa, tana ganina ta fara ihu. Ta ce wace mahaukaciya ce ke buɗe taga a ranar da iskar kudu ta juyo. Wai ko yaron goye a garin nan ya san in wannan iska ta taso daga teku rufe komai ake yi, a toshe ko'ina, har sai ta wuce. Ta ce ko a ƙauyenku ba ku da hanci ne, ba ku ji ruwa a iska ba? Na ce mata a ƙauyenmu in aka ji ruwa a iska fitowa ake yi da kwanuka. Na buɗe ƙofa, ƙasa sharkaf kamar an yi wanki, madubi yana tsiyaya, bargo ya yi nauyi. Na kai hannu kan magaryar Baba, sai ta manne mini a tafi. Wadda in ka girgiza jaka kake jin ƙararta kamar tsakuwa, ta yi laushi, ta yi duhu, tana danƙo. Na zauna a cikin ruwan nan. Baƙo makaho ne ko da idonsa, na sha jin haka, ban san ni ake jira da maganar ba.

In faɗi gaskiya, matar nan mai faɗa ita ta fara tausaya mini. Ta rufe tagogin, ta jawo wata na'ura mai tsotse ruwa daga iska ta kunna, ta ba ni abin busar da gashinta. Yinin Laraba gaba ɗaya ina durƙushe ina bin magarya da iska mai zafi, ina juya su ɗaya bayan ɗaya yadda Baba ya zaɓe su. Na'urar ta cika bokiti biyu da ruwa garau daga cikin ɗakin da nake zaune, har na kasa zubarwa sai da Ah Fong ta ƙwace ta ce za ta aika mini da shi gida in ina so. Duk da haka kusan rabi sun fara farin fumfuna a gindi, na ware su. Sauran sun bushe sama-sama, amma fatar ta dushe, ta yi tabo-tabo, kai ka ce kayan shekara uku ne.

Baffa bai taɓa ko ɗaya ba. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ai dama ya faɗa, aikin maza in aka ba mace ƙarshensa kenan, ya manta yana tsaye a wurin na buɗe tagar har yana cewa madalla. Ya fita, da azahar sai ga shi da leda cike da magarya da ya sayo a kasuwa, manya, jajaye, suna sheƙi. Ya ce in zuba su a jakunkunan Inna. Na ce Baffa wannan ai ba tamu ba ce. Ya ce 'yar nan, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wai ai ba ƙarya ba ce, tunda wadda ke gida ta fi wannan daɗi, mun dai ari fuska ne kawai. Ya ce tsohuwar da ke ganin buhu ɗari a rana ina za ta tsaya bambance ɗaya, kuma in na kai mata wannan ruɓaɓɓen abin ta kore mu, to in sani ni na sare itatuwan ubana da hannuna. Wannan maganar ita ta karya ni. Ba zan ɓoye maka ba, Yaya, ni na riƙe bakin jakar shi yana zubawa, sunan ƙauyenmu na jan zare yana kallona. Namu kuwa na kasa jefarwa, na ƙulle su a leda na tura ƙasan jakar hannuna.

Ranar Alhamis da safe muka nufi kasuwa. Kasuwar hawa-hawa ce, ko'ina warin saiwoyi da busasshen kifi. Shagon Goggo Kwan yana can ciki, duk kayanta a manyan kwalabe masu murfi, babu ko ƙwaya ɗaya a buɗe, abin da na lura da shi a makare. Tsohuwa ce 'yar firit, ta haura saba'in, gashinta fari a yanke, tana zaune kan kujerar roba tana shan shayi. Ba ta tashi ba. Tana jin harshen da aka koya mana a makaranta, amma tana tauna shi kamar tsakuwa. Baffa ya gaishe ta da doguwar gaisuwa, ya kwance jaka, ya fara zuba bayani a kan ƙasarmu da ranarmu da kakanninmu. Ita kuwa ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya, ba ta kai baki ba, ta yago farar takarda daga littafinta, ta murza magaryar a kai da tafin hannu, ta ɗaga takardar saitin fitila. Ni da nake gefe na ga tabon mai ya fito a jiki. Ashe shafa musu mai ake yi don su yi sheƙi.

Ta ajiye takardar a kan tebur, ta tambayi Baffa shekarun itacen da ya haifi wannan. Ya ce sittin, kakansa ne ya dasa. Ta gyaɗa kai, ta ce ikon Allah, ita dai ta san mai wannan kaya, yana hawa na biyu kusa da matakala, kuma iyakar saninta ba shi da kaka a arewa. Sannan ta juyo gare ni. Ta ce ke ce muka yi wata biyu muna magana a waya, ke ce kika ce mini ubanki ba ya wanke magarya, ba ya shafa mata komai, a kan itace take bushewa. Ta ce in dube ta in faɗa mata wannan ce. Baffa ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na ga ta fara mayar da murfin butar shayinta, na san in ta rufe shi ke nan an sallame mu. Ban san lokacin da na zaro ledar nan daga jakata na zazzage ta a kan teburinta ba, baƙaƙe, masu tabo, wasu har sun manne da juna. Na ce wannan ce tamu, waccan sayowa muka yi jiya, kuma ni na lalata ta, taga na buɗe mata ranar Talata don ta sha iska.

Sai tsohuwar nan ta fashe da dariya har tari ya sarƙe ta, ta ƙwala wa maƙwabtanta kira da yarensu, suka taru, tana nuna ni tana kwaikwayon buɗe taga da hannu biyu. Wani mai sayar da saiwa ya ce a tambaye ni ko na shanya wanki ma. Na tsaya hawaye na zuba, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Da ta gama dariyarta ta tona cikin tarin, ta zaɓi wata 'yar ƙarama mai lanƙwasa a gefe, ta tsaga ta da farce. Yaya, na gane ta. Ta Gurguwa ce, itacen nan na bakin rijiya da iska ta karkatar, wanda ka faɗo daga kansa ka karya hannu kana ɗan shekara tara. Cikinta na nan rawaya, ruwan bai kai can ba. Ta tauna a hankali, ta fito da ƙwallon ta duba ƙanƙantarsa, ta ɗauki ta biyu. Ta ce rabonta da irin wannan tun tana budurwa, ta ɗauka an gama sare itatuwan da ke yin ta.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Ta goge hannu ta ce ba za ta sa hannu a kan komai ba. Wai mutanen da suka shigo mata da kaya iri biyu, ɗaya a jaka ɗaya a ɓoye, ba ta san wanne za su loda mata a mota ba. Na ce mata ai na faɗi gaskiya. Ta ce na faɗa, amma sai da takarda ta riga ni. Wannan maganar har yanzu tana ci na. Abin da ta yarda da shi ɗaya ne: a watan Oktoba, lokacin da magarya ke bushewa a kan reshe, za ta turo ɗanta ƙauyenmu ya ga itatuwan da idonsa, ya tsinka da hannunsa. In ya tarar da abin da ta ɗanɗana, za ta ɗauki amfanin gonar gaba ɗaya, bana da kowace shekara. Na roƙe ta ko layi biyu ta rubuta in kai wa Baba, ta ce bakinta shi ne takardarta, shekara hamsin ba ta rubuta wa kowa alƙawari ba. Da za mu fita ta juye magaryar Baffa a kwali ta miƙa masa, ta ninke jakunkunan Inna ta ba ni a hannu, ta ce kada in sake barin baƙo ya kwana a cikinsu.

Tun daga nan Baffa bai yi mini magana ba sai sau ɗaya, a jirgin ƙarƙashin ƙasa, ya ce zai gaya wa Baba na ɓata tafiyar nan sau biyu, da taga da kuma baki. Ba zan yi musu da shi a gaban Baba ba, ƙanensa ne. Zan isa gida ranar Lahadi da jaka biyu babu komai a ciki, babu takarda, babu shaida sai maganar wata tsohuwa da ta yi mini dariya. Ka san Baba, in ya ce ƙarshen Maris to ƙarshen Maris ne, ko da zuciyarsa na tsagewa. Saura kwana goma sha huɗu. Mutum ɗaya ne zai ce masa a jira Oktoba ya saurara, shi ne wanda ya ce a ba da gonar tun farko.

Na san abin da nake roƙo. Na san da hayar nan ka yi niyyar ajiye aikin tafinta da kake yi wa kamfanin hanya ka dawo gida bana, kuma in aka jira, mutanen sola za su wuce gonar wasu, kai kuma ka sake sa hannu a wata shekarar a cikin rairayi. Na san Dongdong ya fi sanin fuskarka a waya. Ban da tabbacin ɗan tsohuwar zai zo, in na ce ina da shi na yi ƙarya ta biyu a mako ɗaya. In ka ce a'a ba zan riƙe ka a zuciya ba, wallahi, haƙƙinka ne, kai ka sha ranar. Abin da ba zan iya ɗauka ba shi ne a sare itatuwan da suka yi shekara sittin suna jure fari, ba don sun gaza ba, sai don ni na buɗe taga.

Ka gaishe mini da Jinbao ɗan Baffa Desheng, ka ce masa mahaifinsa yana lafiya, kada ka faɗa masa sauran, ba abin da zai ƙara masa sai ɓacin rai. Ka gaida Kawu Shouren in kun haɗu a masallacin Juma'a, ka ce Inna na tambayar ciwon bayansa. Na saya wa Linlin jakar makaranta, zan ce mata kai ka aiko. Meiying kuwa ban gaya mata komai ba tukuna, don shekarar da nake roƙo ba taka ce kai kaɗai ba, ka fara kiranta kafin ka kira Baba.

An fara kiran jirginmu. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri, ko a gindin Gurguwa ko a inda take a da.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Yulan